Wa Ya Kora, Wa Ya Sa Aka Kora

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta barin wutar ɗakinta ta mutu idan sanyi ya shigo. Da an ci tuwo sai mu kewaye ta, a ƙauyenmu na kusa da Achilafiya, tana gasa mana gyaɗa tana zuba tatsuniya. Amma a ranar da na fi tunawa ko mai kwaɗayin cikinmu bai miƙa hannu ga gyaɗar ba, domin Baffa, mahaifinmu, kwanansa uku a tsare a Kazaure.

Shekarar ce ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, Turawa suka hana a fitar da ko maraƙi daga ƙasar sai an yi masa allura. Ana cikin haka ɓarayi suka kore mana garke, suka bi ta Babura suka tsallaka da su ƙasar da Faransa ke mulki. Yayana Sale, wanda bai daɗe da gama makarantar midil a Kano ba, yana ji da Turancinsa ba kaɗan ba, ya ce ba sai an nemi tafinta ba. Ya zauna ya rubuta wa Di'o, Baturen mulki, takardar kuka. Maimakon a bi sawun ɓarayi, sai 'yan doka suka zo suka tafi da Baffa, wai shi ya karya doka. Washegarin wannan daren ne za a yanke hukunci, kuma kowa yana ambaton gidan yarin Kano ƙasa-ƙasa.

Iya ba ta ko jira mun amsa mata yadda aka saba ba, ta fara. Wai zaki ne ya hana kunna wuta a daji. Sai mafarauta suka cinna, sheƙar kurciya ta ƙone da ƙwanta duka. Kurciya ba ta jin yaren zaki, don haka ta roƙi hankaka ya kai mata ƙara. Hankaka kuwa yana so a san shi gwani ne, ya taƙaita maganar, ya yi mata ado, har ya mance da mafarautan. Abin da zaki ya ji shi ne kurciya ta sa an ƙona sheƙarta. Nan take ya ce a kamo ta.

"Kun ji fa," in ji Iya, tana gyara itace. "'An ƙona mata' da 'ta sa an ƙona', tsakaninsu bai kai tsinke ba, amma wuyan kurciya ne a ciki."

Sai ta juya wajen Yaya Sale, wanda ke zaune a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Kullum da wasa take kiransa angonta, ranar ma haka ta kira shi, amma ba dariya a fuskarta. Ta ce ya faɗo mata abin da ya rubuta, da bakin Nasaran. Ya faɗa a hankali: My father had his cattle driven over the border. Ya ce ma'anarsa an kore wa Baffa shanu.

"To angona, a cikin maganar nan, ina ɓarayin?"

Ina kallon leɓensa yana maimaita kalmomin. Can ya ce, "Iya, haka suke faɗa idan mutum ya sa wanzami ya yi masa aski."

Ƙanwata ta tambayi yadda kurciya ta ƙare. Iya ta ce ita ma ba ta sani ba, sai a tambayi hankaka.

Da asuba Yaya Sale ya ari keke ya tafi Kazaure. Ya tsaya gaban Di'o da jama'a ya ce kuskurensa ne, ya kira makiyayan da suka ga sawun ɓarayin. Aka saki Baffa. Shanun ba su dawo ba, aikin akawun da aka yi wa Yaya alkawari ma ya tafi, kuma an daɗe a kasuwa ana tsokanarsa da Turancin da ya ɗaure ubansa. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Sai da na girma na gane nauyin abin da ya ɗauka a kan keken nan.

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Duk ranar da muka zo kan wannan darasi, wato na yadda ake cewa ka sa wani ya yi maka abu, nakan rubuta jimlar Yaya a allo in tambayi yara ina ɓarayin. Su yi ta dariya, ban da ni. Iya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ita ta koya mini darasin. Tatsuniyar kuwa ba ta taɓa ƙarasa ta ba. Ranar da Baffa ya yi sallama ya shigo gida, ta dubi Yaya Sale kawai ta ce, "Angona, zo ka ci gyaɗarka."