Inna da Marfin Fankar Kicin

Ban taɓa zaton wani guntun kwano da bai fi tafin hannuna biyu ba zai nemi raba ni da hankalina, sai a daminar da na ɗauko Inna daga Bauranya.

Tari ne ya kama ta, irin wanda ke hana mutum ƙarasa magana. Likita ya ce shekarun da ta yi tana hura itace a ɗakin girki marar taga ne suka taru mata a ƙirji, kuma in ana son ta samu sauƙi, a raba ta da hayaƙi. Ni ne ɗanta na fari, ni ke da gidan siminti a Kankiya, don haka ban tsaya shawara da kowa ba. Na je da mota na ɗauko ta, da akwatinta da buzun sallarta. Kafin ta iso na sa aka huda bangon kicin aka kafa fanka mai zuƙe hayaƙi, don ko na gawayi ban yarda ya shiga hancinta ba. Ta waje fankar tana da marfi. In an kunna ta iskarta ta ɗaga shi, in an kashe ya faɗo ya rufe ramin.

Maginin da ya yi aikin, Allah ya shirye shi, bangon gabas ya huda. Kowa a ƙasar nan ya san ba a barin kafa a bangon gabas, don ta nan hadari ke tasowa. Ni kuma da ke koya wa 'ya'yan mutane labarin ƙasa a sakandare, ina tsaye hannu a ƙugu, har da cewa aiki ya yi kyau.

Iskar farkon damina na kaɗawa sai marfin ya fara. Kwaram, kwaram, kwaram. Da ma a ce bugun yana da tsari, da kunne ya saba. Ina! Sai ya yi uku a jere, ya yi shiru har ka saki jiki ka ɗauki jan biro za ka duba takardun ɗalibai, sannan ya sake kwaɗawa. Ɗakin Inna kuwa bango ɗaya ya raba shi da kicin.

Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce, haka na taso na same ta. In tana da magana da ni, matata take faɗa wa, ko da kuwa ina zaune a wurin ina ji. Wata rana bayan la'asar, marfin na ta aikinsa, ta dubi matata ta ce, "Ɗiyata, wanga abu ba ya barin mutum ya ja ko carbi. In haka zai ci gaba, gara in tahi gida."

Na san me gida ke nufi: murhu, itace, da wannan ɗakin da rufinsa ya yi baƙi ƙirin. Nan take na ɗauko tsani.

Na fara da waya. Na ɗaure marfin tam, na sauko ina karkaɗe hannu. Washegari matata ta hura gawayi ta kunna fanka, fankar ta yi ta gurnani ba hanyar fita, hayaƙi ya cika kicin ya kwararo tsakar gida. Inna ta yi tarin da sai da aka riƙe ta. Na hau na kwance wayar ina zagin kaina.

Sai na naɗe kwali na cusa a gefe. Kwana biyu lafiya lau, har na fara yi wa abokan aiki bayanin dabarata. Ruwan farko na sauka kwalin ya jiƙe ya zube, marfin ya dawo da ƙarfinsa kamar wanda ya huta. Maƙwabcina, wani dattijo da ba ya rasa shawara a kan abin da bai shafe shi ba, ya leƙo ta katanga ya ce in ɗora masa dutse, ai haka ake yi wa rufin kwano. Na ce masa, "Baba, marfin a tsaye yake jikin bango, a ina dutsen zai zauna?" Ya ce to wannan kuma ni da na yi boko ya kamata in sani.

Na kai wa mai walda. Ya juya marfin, ya ce rashin nauyi ne, ya liƙa masa wani ƙaton noti a ƙasa. Wallahi gara jiya da yau. A da kwano ne ke bugun bango, yanzu ƙarfe ne, ka ce maƙera aka buɗe a bayan kicin. Siminti ya fara ɓarewa. Inna ta sake gaya wa matata, a gabana, cewa kanta na sarawa, kuma ita fa ba ta ga ta zama ba.

A waɗannan makonnin babu wanda ban yi wa faɗa ba. Ɗalibai sun sha, mai gadin makaranta ya sha, matata ta fi kowa sha. Da na ga gabas ta yi duhu sai in fara leƙen marfin. Manoma na ɗaga hannu suna roƙon ruwa, ni ina zaune ina harare-hararen sama. In na ga Inna ta doshi ƙofar kicin kuwa, sai in ɗaga murya in ce wa matata ta gaya mata likita ya hana. Ko tsintsiya ta ɗauka sai na sa an karɓe.

Matata ta taɓa ce mini, "Malam, ka tabbata marfin nan ne damuwar Inna?"

Na ce, "To mene ne? Ke ba ki da kunne? Ko ni da lafiyata ƙalau abin nan ya ishe ni." Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Mai facin bakin tasha ne ya cece ni, ko in ce haka na ɗauka. Na je shan iskar taya ina ta mita, ya saurare ni har na gama, sannan ya yanko mini siririyar roba daga tsohon tub na babur. Ya ce in cire notin nan, in shafa sholisho in liƙa robar ta zagaye bakin ramin, yadda in marfin ya faɗo, kan roba zai faɗa. Ya ƙara da cewa in sa a lanƙwasa kwano a yi masa 'yar rumfa ta kare shi daga gabas. Ranar Asabar na wuni a kan tsani, sholisho har a gemuna, amma na gama.

Kwana uku bayan nan hadari ya haɗo da yamma. Iska ta taso, darbejiyar ƙofar gida na ta rangaji, ƙofar zaure na bugawa. Na tsaya tsakar gida na kasa kunne. Shiru. Na zagaya baya na duba, marfin na ɗan motsi yana sauka kan roba, ko sauro ya fi shi ƙara. Daɗi ya kama ni. Na dawo na tsaya ƙofar ɗakin Inna, matata na ciki tana ninke mata kaya, na ce, "Ki tambayi Inna ko tana jin wani abu."

Inna na zaune kan buzu. Tana ta murza carbi. Can ta ce, "Ɗiyata, ki ce mashi ya gyara, Allah shi yi albarka." Sai ta ƙara da cewa, "Yanzu kuma ban san mi zan ce ba. Da abin nan nike fakewa. Ni dai gida nike so."

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Wata guda ina hawa tsani ina sauka, ashe marfin bai dame ta ba ko kaɗan. Ba za ta iya duban ɗanta na fari ta ce ta gaji da gidansa ba, shi ya sa ta ɗora wa kwano. Na manta da wata kunya, na ce mata kai tsaye, "Inna, hayaƙin fa? Kin ji abin da likita ya ce."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ji. Can ina tari, amma in na tashi da safe na san abin da zan yi. Nan wata biyu ko ludayi ban riƙe ba. An yi shuka ba ni nan." A iya sanina, wannan ne karo na farko da ta amsa mini magana ba ta bakin wani ba.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira ƙannena a waya su sa baki, duk a banza. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na sa akwatinta a mota. Ta shiga, muka kama hanya ta Kusada. Muna isa Bauranya mata suka fito suka karɓe ta, na shigar da kaya, na jera wa matar ƙanena magunguna ina ta nanata kada a bar ta kusa da wuta. Ta ce to.

Na fito na shiga mota. Ban kai ga murza makulli ba na hango hayaƙi na tasowa ta saman katanga, sannan na ji tarinta daga ɗakin girki, tana yi tana ba wata umarnin ta miƙo mata tukunya. Na daɗe riƙe da sitiyari ban tayar da motar ba.