Gwadabe da Furfurar Tsamiya

Idan hanya ta taɓa bi da ku daga Haɗeja zuwa Auyo, kuka hango tsamiyoyi uku a bakin fadama sun sha farar ƙasa tun daga gindi har inda hannun mutum yake kaiwa, to aikin Gwadabe ne. Ku matso ku ji yadda aka yi.

Shekara talatin da biyar Gwadabe ya yi yana leburan lambu a wani ofishin gwamnati a cikin Haɗeja. Sunan dai lambu, amma babu wanda ya taɓa ganin ya dasa ko da zogale. Aikinsa bokiti da burushi. Da an ce manya za su zo, sai ya kwaɓa farar ƙasa, ya bi itatuwa, ya bi duwatsun bakin hanya, ya bi tsohuwar tayar da aka shuka fulawa a ciki. An ce akwai ranar da wani jaki ya daɗe a tsaye a ƙofar ofis, sai da ƙafafunsa na baya suka samu rabonsu. A nan Gwadabe ya koyi abin da ya riƙe har tsufa: duk abin da ya yi fari ya gyaru. Gemunsa ne kawai bai shiga wannan doka ba, shi kam duk Juma'a sai ya sha baƙin rini.

Da ya yi ritaya sai ya koma ƙauyensu, ya karɓi gonar gado a fadama, ya yi noman rani. Allah kuwa ya ba shi shinkafa mai yawa, irin wadda ke sa mutum ya canza tafiya. Ya ce ba zai sayar da ko tiya ɗaya ba sai damina ta yi nisa. Abin da ya rage shi ne wurin ajiya. Ga tudu nan a bayan gari inda kowa yake kafa rumbu, amma wa zai ga sito a bayan gari? Gwadabe ya zaɓi gindin tsamiyoyin nan, dab da hanya, inda duk mai babur sai ya waiwayo.

Ana cikin haƙa harsashi sai ga yayarsa Jannatu, tsohuwa mai bandar kifi, ta iso da sandarta. Ba ta ko kalli magina ba, ta wuce gindin itacen.

"Auta, zo nan."

"Haba Yaya, ai mun yi da ke, a gaban mutane Malam Gwadabe ne."

"To Malam Auta, zo ka buɗe idonka."

Ta nuna masa jikin tsamiyar. Wani abu ne toka-toka, faci-faci, ya manne da ɓawo kamar busasshen kunu a jikin ƙwarya. Wani bai fi kwabo ba, wani ya kai faifai, duk ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ya lulluɓe itacen tun daga rassa, ya gangaro har daidai ƙirjin mutum, sai ya tsaya cak, kamar an yanke shi da wuƙa. Haka yake a jikin duka ukun, tsayi ɗaya.

"Furfurar tsamiya ke nan," in ji Jannatu. "Ba ta zama a cikin ruwa. In ruwa ya shanye ta 'yan kwanaki, laka ta rufe ta, shi ke nan ta mutu. Inda ka ga ta tsaya, nan ruwa ya saba kaiwa. Da ita Baba yake auna inda zai ajiye hatsi. Kwashe bulonka ka hau tudu."

Gwadabe ya yi murmushin mutumin da ya zauna da manya. "Yaya, wannan makero ne, ciwon itace. Maganar ambaliya kuma mun gama da ita tun ina ofis. Da idona na ga takardar, har da hatimi."

Sai ga Nu'uman a kan babur, ɗan kawunsu, taubashin Gwadabe, wanda yake koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Kafin Hausa. Ya ji ƙarshen maganar, ya kashe babur yana dariya.

"Bawana, wa ya ba ka likitan itace? Wannan ba ciwo ba ne. Halitta biyu ce suka haɗa gida, naman gwari da gansakuka. Shi naman gwarin ya yi rufi ya riƙe laima, ita gansakukar tana ciki tana haɗa musu abinci da hasken rana. Ba su da saiwa, ba sa shan komai a jikin itacen, wurin zama kawai suka ara. Raɓar fadamar nan ta ishe su. Da rani ka rantse sun mutu, ruwan farko na sauka su yi shar. Ba ka gan su a cikin gari ba ne saboda ba sa shiri da hayaƙin mota. A shekara kuma faɗin ƙwayar gero suke ƙarawa. Wannan mai kamar faifai ta girme ka, kuma ba ta taɓa bin layin fansho ba."

Magina suka tuntsire. Wannan dariyar ce Gwadabe bai yafe ba.

Washegari da sassafe ya fito da burushin waya da tsohon lauje. Abin ya ƙi ɓantaruwa, don ba a raba shi da ɓawo, sai dai su fita tare. Kwana uku yana kankara, ya hau turmi, ya hau tsani, yana gumi yana tsaki. Rana ta huɗu ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe itatuwan tas, sannan ya je har gida ya taho da Jannatu.

"To Yaya, ina layin naki? Yanzu ruwa ya zo ya nemi inda zai tsaya."

Tsohuwa ta dube shi. "Allah ya ji ƙan Inna," in ji ta, "ta yaye ka da wuri." Da ya ce ta kawo tata 'yar shinkafar ya ajiye mata a wuri na zamani, sai ta ce tata ta saba da ɗakin ƙasa, kada ta je ta ɗauko girman kai.

Aka gama sito, bulo da kwano, fari fat, da kwaɗo mai girman tafin hannu. Aka jibge buhuna har rufi. Gwadabe ya samo kujerar roba, kullum yana ƙofa yana ɗaga wa masu wucewa hannu, har waɗanda ba su gaishe shi ba.

Ƙarshen watan takwas kogi ya kawo. Ruwan Haɗeja kuwa ba ya gaggawa, a hankali yake tahowa kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Ran farko ya shafe gonaki. Rana ta biyu ya iso bakin hanya. Jannatu ta zo da kanta, ta ce ga masu amalanke can ta yi magana da su, a kwashe yau. Gwadabe ya dubi hanya, ya ga mutane cike suna kallon ruwa, ya hango yadda za a ga buhunansa suna hawa tudu ɗaya bayan ɗaya a kan umarnin furfurar itace. Ya ce ba inda za su. Ya sa aka jera buhunan yashi a ƙofa, kuma, Allah shi ne shaida, ya bi su da burushi.

Rana ta uku bayan azahar ruwa ya tsallake yashin. Kafin la'asar Kolo mai fito ya zo da kwalekwale ya sauko da Gwadabe daga kan tsamiya, baƙin rini yana ɗiga a gaban rigarsa. Buhu shida aka fitar. Sauran suka yi mako biyu a ciki, suka tsiro ta jikin buhu, suka yi wari har masu babur suna toshe hanci. Da ruwa ya janye, sai ga zoben laka a jikin farin bango da fararen itatuwa, daidai ƙirjin mutum.

Wannan zoben shi kaɗai ne shaidar da ta rage masa. Amma da aka ce kwamitin duba ɓarnar ambaliya zai biyo ta hanyar, jikin Gwadabe ya tuna da aikinsa tun kafin kansa ya farka. Ya share ruɓaɓɓiyar shinkafa, ya kwaɓa farar ƙasa, ya rufe lakar tsaf. Kwamiti ya zo, ya ga sito yana ƙyalli, shugabansu ya yaba masa tsafta, ya ce ina ma kowa haka yake. Suka wuce gaba wurin waɗanda abin ya shafa.

Daga baya, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya so ya mayar da furfurar. Ya kankaro wata daga jikin wata kanya, ya liƙa ta da ƙaro, yana ba ta ruwa safe da yamma, ya yayyafa mata taki, ya kafa mata zana kada rana ta dame ta. Cikin kwana goma ta yi baƙi ta zube. Dole ya tari Nu'uman a hanya.

"Kai malamin banza, yaya ake kiwon abin nan?"

"Ba a yi mata komai, bawana. Tana son haske, tana son raɓa, ba ta son hayaƙi, ba ta son taki. Sai damina ta wanke farar ƙasar nan tukuna, sannan iska ta kawo irinta da kanta. Kai dai ka ɗauke hannunka."

"Har yaushe?"

"Kafin ta kai tafin hannu? Ba ta shekara talatin. Nawa kake yanzu?"

Gwadabe ya ce ba a tambayar babba shekarunsa.

Bana ma ya yi noman rani, ya kuma samu. Shinkafar tana kan tudu, a ɗakin ƙasar Jannatu, makulli yana ɗaure a bakin zanenta. In yana son kwano ɗaya sai ya yi sallama, ya jira ta gama juya kifi, ya faɗi abin da zai yi da ita.