Kunnuwan Dogo

Alisabatu Yona, wadda ake kira Maman Hope, tana soya ƙosai a bakin titi a unguwar Kpakungu, kuma a nan take haya a gidan wani dattijo, Baba Ndaman. Da mijinta ya rasu, bai bar mata wani abin kirki ba sai jan kare mai suna Dogo, wanda yake raka ta wurin suya, ya kwanta a gefen murhu.

Da damina ta kankama, ƙudaje suka sa kunnuwan Dogo a gaba, har bakinsu ya zama ɗanyen ciwo. Alisabatu ba ta yi sakaci ba. Takan wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ta ɗiga shuɗin maganin nan da ake kira jibi, sannan ta shafa man darbejiya domin korar ƙuda. Maƙwabta suka ce ta sa baƙin man inji, ta ce karenta ba babur ba ne. Amma da zarar ciwon ya yi ɓawo, sai ƙudajen su dawo, Dogo ya kakkaɓe kai, ɓawon ya tsage. Ta ɗaure kunnuwan da tsohuwar safar mijinta, ya sa ƙafar baya ya fizge.

Wata Juma'a ya kakkaɓe kai kusa da shanya. Jini da jibi suka fantsama a kan farar rigar da Baba Ndaman zai je masallaci da ita.

"Maman Hope," in ji shi, "jinin kare a rigar salla? Ko ya warke, ko ya bar gidan nan."

"Baba, ka yi haƙuri, zan wanke. Amma ƙudajen daga kwatamin da ke bayan garken awakinka suke fitowa. A yashe shi mana."

"Awakina ba su taɓa kawo ƙara ba."

Ita da kanta ta yashe kwatamin, ruwa ya sake cika shi da kashin awaki. Ciwon bai warke ba. A ƙarshe ta roƙi wani mai a-kori-kura ya kai Dogo gonar ƙanenta Silas a Paiko.

Kafin kaka kunnuwan sun warke sarai, ba tare da an ɗiga musu komai ba. A daidai lokacin ne aka haura katanga aka ɗauke wa Baba Ndaman bunsuru.

"Maman Hope, yaushe karen nan zai dawo?"

"An yashe kwatamin?"

"Za a yi."

Duk da haka ta shiga mota ta tafi Paiko. Silas ya ce tun zuwan Dogo birai suka daina taɓa masa masara, don haka ta yi haƙuri sai bayan girbi. An yi girbi, ya ce sai doya ta fita.

Kwalbar jibin tana nan a kan tagarta. Kwatamin ma yana nan yadda yake.