Jar Saniyar Bangon Alhaji Abbo

Nehemiya ya fara sana'ar rubuta allo ne a gindin wani mangwaro a Sintali, tun Jalingo tana cikin Gongola. Shi ke rubutu da zane, matarsa Lois ke goge katako ta shafa farin fenti, ƴarsu Godiya kuwa a cikin warin kananzir ta tashi, tana haɗa launi a gwangwanayen madara. Da aka ƙirƙiro Taraba a 1991, aiki ya yi musu rubdugu. Duk mai allo ya kinkimo nasa a goge masa Gongola, ga sababbin ofisoshi kowanne na neman suna a ƙofa. A shekarar suka bar gindin mangwaro, Nehemiya da ƙaninsa Rufus suka gina shago a filin gadonsu, bakin titi.

Bayan shekara huɗu tsani ya zame da Nehemiya. Hannun dama ya karye, ya ɗoru, amma ya koma rawa, ko kofin shayi sai da hannu biyu. Godiya ta ɗauki buroshi, ai dama ta daɗe tana rubuta rabin allunan ba wanda ya sani. Sai dai mutanen gari su leƙo, su ga mace zaune, su gaida mai jiki, su ce sai Baba ya samu sauƙi, su wuce da katakonsu. Abin yana ƙona mata rai ƙwarai.

Rufus ba mugu ba ne, amma akwai shi da son abin hannu. Ya samo mai injin hoton takardu da zai kama shagon haya.

"Yaya, shago ba ya kawo komai," in ji shi. "Zuwa Kirsimeti, in aiki bai dawo ba, mu ba mutumin nan."

Nehemiya ya kau da kai, Godiya kuwa ta san hakan amincewa ne.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Abbo, mai sayar da maganin dabbobi a Sunkani. Saniya yake so a zana masa a bangon shago, don makiyayan da ke saye a wurinsa ba rubutu suke bi ba. Masu zane biyu sun gwada, makiyaya suka yi ta dariya har ya sa aka shafe da farar ƙasa. Bai samu na uku ba, shi ya sa ya haƙura da mace.

"Ƴata, in sun yi dariya zan shafe," ya ce mata. "Kin yarda?"

"Na yarda, Alhaji."

Godiya ta san abin dariyar. Duk masu zanen garin, har da babanta, saniyar jikin gwangwanin madara suke kwafa: ƙatuwa mai dabbare-dabbare, ba tozo, ƙaho kamar ɗan yatsa. Wa zai nuna wa Bafulatani wannan ya ce saniya ce? Sai ta ƙi taɓa fenti tukuna. Kasuwa uku a jere tana hawa mota zuwa Sunkani, ta zauna a gefen kara da fensir da takardar buhun siminti. Dillalai suka yi ta tsokanarta, wai ko miji take nema a cikin bijimai. Ita dai idonta na kan wata jar saniya mai dogon ƙaho, tana duba inda tozo ya kwanta, da yadda ciki ya sauka, da yadda take ɗora nauyi a ƙafar baya.

Kwana huɗu ta yi a kan tsani, da wandon babanta a ƙarƙashin zane, Lois na ƙasa tana riƙe tsanin tana hararar duk wanda ya tsaya kallo.

Ranar kasuwa Nehemiya ya ce sai an kai shi. Rufus ya ɗauko shi a babur, da niyyar a gama maganar shago a ranar. Suka tarar da makiyaya sun yi cincirindo a gaban bangon, sanduna a kafaɗa, ba mai dariya. Godiya ba ta san me shirun yake nufi ba.

Wani tsoho mai suna Jibrilla, wanda ko dillalai ba sa musu da shi a kan shanu, ya matso. Ya dubi ƙaho, ya sunkuya ya dubi hantsa, ya koma baya.

"Nagge nan yana da ciki," ya ce da Hausarsa ta daji, yana nufin saniyar. "Wata biyar."

Wani ya ce shida ne, gardama ta kaure. Can Jibrilla ya juya wajen mai shago ya ce, "Abbo, na saya dubu takwas."

"Albarka," in ji Alhaji Abbo, yana washe baki.

Nan ne dariya ta ɓarke, amma irin wadda ake so. Kafin la'asar mai nama da mai injin niƙa da wani mai gidan abinci sun biyo Godiya, kowa na jan ta ta zo ta ga bangonsa. Daɗi ya kama ta, ta nemi benci ta zauna.

Nehemiya ya daɗe tsaye a gaban bangon. Da ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Shekara ashirin ina zana shanu," ya ce, "ba wanda ya taɓa taya ko ɗaya." Sannan ya dubi ƙaninsa. "Rufus, ka gaya wa mutuminka ya nemi wani wuri. Shago yana da mai shi."