Ƙodar Hajjo

Hajjo mutuniyar garin Danchadi ce, mai noman albasa a fadama. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da gona, ta riƙe su ba ta nemi kowa ba. Ƙane ɗaya gare ta uwa ɗaya uba ɗaya, Mijinyawa, malamin firamare a Horo Birni.

A shekara ta 1982 ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likitocin Sakkwato suka ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza, sai dai dashe a ƙasar waje, kuma ta ɗan'uwa shaƙiƙi ce ta fi kamawa. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin tafiya Masar. Aka gwada jinin maza uku a dangi, bai dace ba. Hajjo ta miƙa hannu ba a kira ta ba, nata ya dace.

Baffa Ladan, ƙanen mahaifinsu, ya tara gida. “Ke da marayu huɗu za ki bari a farke ki? Ban yarda ba.”

“Baffa, Allah shi ja zamaninka,” in ji ta, tana durƙushe, “amma wagga ƙoda cikina take, ba cikin rumbun gidanmu ba.”

Ya ce haramun ne. Da gari ya waye ta taka da ƙafa zuwa Sifawa, ta tambayi wani malami da bakinta. Ya ce ceton rai ne. Ta dawo ta ɗaure ƙunshinta.

A asibitin Masar, likita ya faɗa mata ta bakin tafinta cewa kwanakin farko su ne abin tsoro: in fitsari ya zo da wuri, ƙodar ta karɓi sabon gida. Da ta farfaɗo bayan aikin, tana jin gefenta kamar an zuba garwashi, abin da ta fara tambaya ke nan: “Ya yi fitsari?” Aka ce ya cika jaka. Ta yi dariya har ɗinkin ya soke ta.

Suka dawo, soja suka karɓi mulki, kaya suka ɓace daga kantuna, har da maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar. Wata rana Mijinyawa ya ce zai riƙa tsallake kwana wurin shan maganin don ya daɗe.

“Yaya, ba ya samuwa.”

“Ba ka isa ba. Ban ba ka don ka yi wasa da ita ba.”

Ta hau motar albasa zuwa Sakkwato, ta bi alhazai masu zuwa Makka ɗaya bayan ɗaya da sunan maganin a takarda, har ta samu mai kawo musu.

Shekara goma sha ɗaya Mijinyawa ya ƙara yana koyarwa, ya haifi yara biyu, sannan zazzaɓi ya ɗauke shi. A zaman makoki wata mata ta ce, “Ayya, ƙoda ta tafi a banza.”

Hajjo ta jawo ƙaramar ɗiyarsa ta ɗora a cinya. “Wagga ce banza?” Matar ta nemi takalmanta.