Oreste Mai Matashi

Kowace safiya Oreste Malagoli, direban tseren mota, yakan tsaya a shagon gahawa na kusa da garejin ƙungiyarsu a Modena, ya kurɓe ɗan kofinsa a tsaye, ya buɗe jaridar wasanni yana laluben sunansa. Ya yi furfura a wannan lalube. Abin da yake tararwa kullum shi ne haƙoran Fulvio Zanasi, abokin tuƙinsa, yana murmushi a hoto.

A tseren dogon zango mutum biyu ke karɓa-karɓa da mota ɗaya, kujera kuwa da jikin babban direba ake auna ta. Fulvio dogo ne, Oreste gajere, don haka shi ke shiga da matashinsa na soso ya ɗora kan kujera, ya fito da abinsa. Idan ruwa ya kece ko birki ya fara gardama, sai ka ji, "Mai matashi, taso!" Da hanya ta bushe, tutar ƙarshen tsere ta kusa ɗagawa, sai a miƙa wa Fulvio ya ƙarasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada wani ya ce muku ba ya kishi. Yana yi, har abinci ya gagare shi. Matarsa Nives ta sha kama shi yana hararar hoton Fulvio a gidan abinci.

"Ci taliyarka, maigida, harara ba ta sauke hoto daga bango."

"Wa ya ce miki shi nake kallo?"

Amma kishin bai taɓa sauka ƙafarsa ba. Hanyar kunyata Fulvio a buɗe take: ka cinye taya, ka ƙona birki, ka miƙa masa gawa. Makanikai sun shaida bai taɓa yi ba. Lafiyayyar mota yake miƙawa, ya koma gefe yana cizon leɓe.

Burinsa ɗaya ne, ya tsallaka layin ƙarshe da hannunsa ko sau ɗaya. Bai roƙa ba. A tserensa na ritaya, suna gaba, sai Fulvio ya shigo shan mai, ya fito, ya fizge matashin ya jefa kan kujera.

"Shiga, tsoho, kafin in canja shawara!"

Ya shiga, ya kuma ci. Nives ta yi kuka har ta rasa tabaraunta.

Washegari ya buɗe jarida. Ga motar a kan layi, hular kwano ta rufe fuska, a ƙasa an rubuta: "Zanasi ya sake yi." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa kan tagar motar.

"Ga bakin matashina nan," in ji shi.

Ni kam na taya shi kishi, har yau ban huce ba. Oreste, kai ne direban ruwa, mai shuka wani ya girbe. Kai ne ka haɗiye kishi yana ƙona maka ciki, ba ka bari ya taɓa sitiyari ba. Mun gode. Duk wanda ke aiki a bayan wani ya koya daga gare ka, mu kuma masu tafi mu riƙa leƙa taga kafin mu kira suna. Wanda ya tsallaka layin nan Malagoli ne.