Yaƙin da Ya Iso Gonar Barau

Barau manomin dawa ne a Basirka, mutum mai zafin kai, wanda bai taɓa wuce Kano ba. Mahaifinsa yakan bar Fulani su sauka a gonarsu da rani, shanunsu su zuba mata taki. Da gonar ta dawo hannun Barau, sai ya sallame su. Ga takin zamani jibge a kasuwar Gwaram, me zai yi da kashin shanu?

Shekarar da Rasha ta gwabza da Yukiren, yakan ji a rediyo manyan ƙasashe suna ƙaƙaba wa juna takunkumi, ya yi tsaki, don bai ga ruwansa ba. Da damina ta faɗi ya je sayen taki, ya tarar buhu ya fi ƙarfinsa. Dawarsa ta ɗashe tun ba ta kai gwiwa ba.

Bayan girbi ya hau babur har rugar Arɗo Datti, ya durƙusa, ya roƙi su dawo.

Arɗo ya ce, "Malam Barau, wa ya sauko da kai?"

Barau ya sunkuyar da kai. "Waɗansu mutane ne, Baba. Ko sunan garinmu ba su sani ba."